Sarkin Ruwan Hawa na Huɗu

Duk wanda bai san Mirza Tafazzul Baig ba, to bai san Karachi ba, ko da a cikinta aka yanke masa cibiya. Baig Sahib da kansa ne ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Bawan Allah ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen yi wa teku hidima, daga wani ofishin kwastan da tagarsa ke kallon garejin motoci. Sau ɗaya ya taɓa shiga kwalekwale, ranar da ya raka baƙi tsibirin Manora, aka dawo da shi a kwance yana kiran mahaifiyarsa. Da ya yi ritaya sai ya ga tunda teku ba ta da ladabi a gidanta, gara ya kawo ta nasa. Ya girke akwatin gilashi mai tsawon gado a falo, ya cika shi da ruwan gishiri da duwatsun murjani da kifaye masu ado kamar 'yan rakiyar amarya. Mu mazauna benen Gulnar muka naɗa shi Sarkin Ruwan Hawa na Huɗu. Da labari ya kai masa bai ji zambo a ciki ba, cewa ma ya yi mun makara.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shugabancin kwamitin bene. Wanda ya hau wannan kujera shi ke riƙe mabuɗin babban tankin ruwa, shi zai ce a saki, shi zai ce a rufe. A garin da sai motar tanka ta ga dama ake wanka, wannan mabuɗi ya fi rawani. Abokiyar takararsa ita ce Apa Ruksana ta hawa na ɗaya, tsohuwar shugabar makaranta, wadda duk alkawarinta bai wuce za a wanke tanki ba.

"Wanke tanki aikin mai tsintsiya ne," in ji Baig Sahib, yana shafa tumbi. "Ruwa ilmi ne, 'yan'uwa. Mutumin da ya zaunar da teku a falonsa ba ta yi masa gardama ba, ramin siminti ne zai gagare shi?"

Sai ya buɗe yaƙin neman zaɓe. Kullum da yamma mutanen gida guda za su hau falonsa shan shayi, a ci samosa har a ƙoshi, a ƙara wa mutum yana rantsuwa ana zuba masa. Wannan ba laifinsa ba ne, haka muke, baƙon da ya tashi da sauran wuri a ciki ya ci mutuncin mai gida. Inda Sarkin Ruwa ya fi mu shi ne ya ɗauki kifayen ma baƙi ne. Kowane mai ƙuri'a sai an damƙa masa cokalin niƙaƙƙen jatan lande ya zuba da hannunsa, matarsa ta zuba, surukarsa ta zuba. In mutum ya ɗibi kaɗan sai ya ji tsawa:

"Cika cokali, ɗan'uwa. A gidan Baig ko kifi ba ya kwana da yunwa."

Ruwa dai ba ya tsami banza. Wata safiya aka wayi gari da wani jan abu mai yauƙi ya shimfiɗu a kan yashi. Kafin mako ya zagayo ya haye duwatsu, ya lulluɓe murjani, yana fitar da 'yan ƙwayoyin iska, ga wani wari kamar na kwata.

Kada wani ya zaci Baig Sahib bai san abin ba. Ya sani sarai, har ya ji daɗin samun sabon darasi.

"Jahili zai ce gansakuka ce," ya gaya wa baƙin ranar. "Ƙwayoyin halitta ne, sunansu sayanobaktiriya. Ku maimaita. Maganinsu uku: a rage abinci, a ƙara kaɗawar ruwa, a hana su haske na 'yan kwanaki. Ga cokali, Hajiya, zuba musu."

Ka ji rage abinci ke nan. Kaɗawar ruwa kuwa, batirin da ke riƙe gidan idan an ɗauke wuta ba ya iya ɗaukar fitilun akwatin da injin kaɗa ruwa a lokaci guda. Dole a zaɓi ɗaya. Injin nan ba wanda ke ganinsa daga titi, fitila kuwa shuɗin haskenta har bakin mai shayin tsallaken hanya. Sai mu ce an yi zaɓin da ya dace da mai sarauta.

Saura duhu. Matarsa, Begum Sha'ista, mace mai haƙuri da ƙarancin magana, ta ciro bargon aurensu ta lulluɓe akwatin ruf. Bargon bai yi awa guda ba aka buga ƙararrawa. To, a ce mai ƙuri'a ya hawo bene huɗu ya koma bai ga teku ba? Aka yaye, aka kunna fitila, aka miƙa cokali. Haka bargon nan ya wuni yana hawa yana sauka, jan abu kuwa sai godiya yake.

Baig Sahib ya riga ya nace a yi zaɓen a falonsa, don teku ta yi masa shaida. Ana gobe zaɓe ya dubi akwatin, ya ga kamar an yi yanka a ciki. Sai ya yi abin da kowannenmu ke yi in mura ta matsa: ya gangara kantin magani na bakin layi, ya sayo ƙwayoyin kashe cuta ba takardar likita. Masu kiwon kifi sukan sa ɗan kaɗan, a hankali. Amma mu a nan imaninmu shi ne, in ƙwaya ɗaya tana warkarwa a mako, kati guda zai warkar kafin magariba. Ya daka kati biyu ya juye a akwatin, don shi ba talaka ba ne.

Maganin ya ci, wannan kam a ba shi. Jan abu ya mutu gaba ɗaya a tashi guda, ruwa ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, kifaye suka taru a sama suna haki. A gefen akwatin akwai wani tulun roba mai tsotse dattin ruwa ya tara shi kumfa a ɗan ƙoƙo. Kowa ya san ana kashe shi in an sa magani. Baig Sahib ya bar shi a kunne, wai tafasarsa tana ba falo kwarjinin ilmi.

Ranar zaɓe bayan la'asar muka tuɓe takalma a ƙofa, muka zazzauna a kan darduma. Sarkin Ruwa ya miƙe cikin farar riga mai sitaci, ya ba akwatin baya.

"Wannan farin da kuke gani alamar tsarki ce. 'Yan'uwa, a ƙarƙashin mulkina ba ɗigon ruwan da zai motsa sai da izinina."

Daidai nan tulun ya tumbatsa. Kumfa mai launin ƙasa ta gangaro ta bi dardumar Kashmir, ta ratsa tsakanin ƙafafunsa, ta nufi masu zaɓe. Warin kuwa, ko kasuwar kifi da azahar albarka. Dattawa suka tattare wanduna, mata suka toshe hanci da mayafi, Begum Sha'ista ta ruga ta ɗauko bokiti ta tara. Apa Ruksana ta ɗaga safarta da ta jiƙe, ta dube ta, ta ce, "Baig Sahib, wannan da izininka ya motsa?"

Dattijon benen ya ce a ɗaga hannu a gama, kafin a nutse. Da aka kira sunan Mirza Tafazzul Baig, hannu ɗaya ya tashi, da zoben azurfa a jiki, nasa ne.

Kifayen sun rayu, Begum ta sauya musu ruwa. Shi kuwa har yau yana gaya wa duk wanda ya tsare a matakala cewa da ƙuri'arsa biyu, bokiti ne ya riƙe hannun matarsa. Ba mu taɓa musa masa ba. Amma ni ina kusa da ita, kuma da aka kira sunan Apa Ruksana, na ga ta ajiye bokitin.