Jarkata Tana Layi, Ni Ina Silima

Jama'a, kwana uku jarkata tana layin mai a titin Koudoukou, na ɗaura mata jan ƙyalle a wuya kada a yi min musanya. Jiya Asabar ta kai ta bakwai daga famfo. Ta bakwai fa! Babur ɗin da nake ciyar da iyali da shi yana jingine a zaure tun Laraba, har kaji sun fara kwana a kansa.

Ana idar da azahar sai ga maƙwabtana, Nasidi tela da Sharafaddeen mai shayi, wai an buɗe sabon gidan silima wajen unguwar Yakité, kallon farko kyauta, fim ɗin kuma na waƙe-waƙe ne. Na ce ina da layi. Nasidi ya rantse tankar mai ba za ta iso ba sai gab da magariba, ƙanin matarsa ne ya tsegunta masa. Ni da son banza, na ɗora wa jarka dutse na bi su.

Muka tarar da Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ko akurkin kaji ba a buɗewa sai ya zo ya yanke ƙyalle. Ya yi jawabi awa guda cur. Allah ya ƙara wa huhunsa lafiya.

Ni a zatona inda duk aka ce waƙa, murna ce. Ina! Wani gari ne rijiyoyinsa suka ƙafe, mutane suka yi layi da bokiti, kowa ya rera baitinsa cikin murya mai daɗi sai ya faɗi matacce, mai haƙa kabari yana ta rawa da shebur. Sharafaddeen ya yi ta salati, ya ce shi bai taɓa ganin an mutu da 'yan amshi ba. Nasidi ne ke mana fassara da Faransancinsa na kasuwa, inda ya kakare ya cike da Sango, yaren garin nan namu. Da mutum na biyar ya faɗi, Sharafaddeen ya raɗa min a kunne: “Malam, layinsu fa ya fi namu tafiya.”

Sai shugaban garin nan na cikin fim ya leƙo daga bene, tumbi a gaba, yana rera cewa gobe ruwa zai zo, gobe, gobe. Mu muka dubi juna. Mai Girma kuwa ya miƙe yana tafi, har ya sa mai riƙe masa jaka ya rubuta baitin. Da ya waiwayo, mu ma muka tafa, wa zai ƙi? Kuma a faɗi gaskiya, an yi tsari: janareta uku suna ruri a bayan gida, fanka ko'ina, wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Na dawo da sassarfa na tarar layi ya watse. Jarkata ce kaɗai a fili, da dutsenta a ka. Iyatu mai ƙosai ta ce ko kwana ban sha ba tankar ta iso. An ba mutum takwas, aka tsallake tawa tunda ba mai ita. Daga nan wata mota ta zo da takarda mai hatimi, aka ɗure sauran a durom-durom aka kai wa janaretocin silima, don Mai Girma ba ya son a katse masa kallo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe man babur ɗina na zauna ina kallo yana ƙonewa awa biyu, har da tafa masa.

A gida uwar yara ta dubi jarka, ta dubi kajin da ke kan babur, ta tambaye ni yaushe zan fita aiki. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji baitin nan ya fito da kansa, har da karinsa: gobe, gobe. Idan Mai Girma yana neman ɗan amshi, a gaya masa na iya.