Wanda Ya Bi Doka a Tungar Marke

Su suka yi, kuma sun san kansu. Suna zaune a ɗaki mai sanyi da shayi a gabansu suka rubuta dokoki a shekarar korona, suka aiko wa mutanen da ko famfo ba su da shi. Ba don a bi suka rubuta ba, tunda su kansu ba su bi ko ɗaya ba. A duk Tungar Marke mutum ɗaya ne ya ɗauki maganarsu da gaske, shi ne kuma wanda gari ke kira wawa.

Sunansa Nomau. Gidansa na bakin gari, ɗaki biyu da rumbu da 'yar rediyo rataye a jikin dirka. Matarsa Tabawa, mace mai aiki da baki, ita ke riƙe da hankalin gidan gaba ɗaya. Sai uwarsa Inna Kulu, tsohuwa mai fuka, wadda in ta yi tari har awaki sai sun ɗaga kai. Nomau bai iya ƙarya ba, bai kuma san ana faɗin magana ba a nufe ta ba. In ka ce masa tsaya nan, nan za ka dawo ka same shi ko da jibi ne. Ranar da rediyo ta ce cutar ta fi kashe tsofaffi masu ciwon ƙirji, ya juya ya daɗe yana kallon Inna Kulu. Daga ranar ba abin da ke gabansa sai kada cutar nan ta ɗauke masa ita.

Wata rana aka ce an sa dokar kulle, kada kowa ya wuce ƙofar gidansa, hukuma za ta kawo abinci har gida. Nomau ya ja ƙyaure ya tokare da turmi. Ya wanke babbar ƙwarya ya tura ta waje ta ƙarƙashin danga, don kada masu rabo su sha wahalar neman mazubi. Damina ta faɗi, maƙwabta suna sulalewa gona suna shuka, shi yana zaune yana gadin ƙofa.

"Malam, randa fa ta ƙafe," in ji Tabawa. "Rijiya kuma ba a tsakar gidan nan take ba."

"Sun san da haka. Mutane ne masu ilimi."

"Su ke da ilimi, Inna ke jin ƙishirwa."

Ta ɗauki tulu ta tsallake danga ta bar shi da turminsa. A kwana na uku aka ji jiniya. Nomau ya ce ga abinci nan, ya leƙa. Ashe ayarin bikin ɗan wani babba ne, an cusa 'yan biki har a but ɗin motoci, ba mai takunkumi ko ɗaya. Mota ta bi ta kan ƙwaryar ta wuce. Abincin kuwa sai bayan mako biyar ya iso, ledar taliya ɗaya gida huɗu. Nomau aka ba aikin rabon saboda ba ya cuta. Ya zauna ya kasa ta sili-sili har la'asar.

Wata rana aka ce kowa ya riƙa wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana. A Tungar Marke akwai rijiyar burtsatse, amma allonta kawai ke aiki, mai ɗauke da sunan wanda ya ba da kwangila. Ruwan da ke gudana a yankin guda ɗaya ne, rafi, tafiyar awa biyu. Nomau ya auna dokar kulle da sabuwar doka, ya ga sabuwa ta fi kusa da rai, tunda da hannun nan yake miƙa wa Inna magani. Ya ɗauki sabulu ya tafi. Ya wanke tas, ya kamo hanya hannuwansa a sama kada su taɓa komai. A mararraba ya faɗa hannun masu tsaron doka, sun gitta katako suna cin gyaɗa a faranti ɗaya.

"Kai, wa ya ce ka fito?"

"Ku, Yallaɓai."

"Mu?"

"Ku kuka ce ruwa mai gudana. Na jira ko zai gudano gida, bai zo ba."

Suka ce raini ne. Suka zuba masa dorina uku, suka sa shi ya dafa ƙasa ya yi rarrafe cikin taɓo daga katako zuwa bakin kwalbati. Da suka gaji suka ce ya ɓace musu da gani. Nomau ya miƙe, ya dubi tafin hannuwansa, ya juya ya koma rafi.

Wata rana aka ce a bar tazarar kamu huɗu tsakanin mutum da mutum. Nomau ya yanko kara ya auna kamu huɗu cif. Su masu ilimin nan sun rufe kasuwa kwana shida sun buɗe ta yini ɗaya, don haka ƙauyuka tara suka taru wuri guda, ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba. Nomau ya shiga neman man zafi na ƙirjin Inna, yana juyi da kara kamar mai korar tsuntsaye. Wani mai kaki ya matso kusa, Nomau ya sa masa kan karan a ciki ya tura shi baya a hankali, don ya taimake shi bin doka. Nan take aka jefa shi bayan a-kori-kura tare da mutum talatin da aka kama da laifin cunkoso.

"Yallaɓai," in ji Nomau daga ƙarƙashin hammatar wani mahauci, "a doka motar nan mutum biyu take ci."

Aka kulle su yini guda a ɗaki mai taga ɗaya, wani a cikinsu yana ta tari. Da aka sake shi, Nomau bai shiga gida ba. Ya ji an ce wanda ya zauna da mai tari ya keɓe kansa kwana goma sha huɗu, sai ya tare a garken awaki. Kullum da safe yakan leƙo ta saman danga.

"Inna, ina kwana? Ya ƙirjin?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Ka shigo mana, ƙuma za ta cinye ka."

"Saura kwana tara."

Wata rana aka ce allurar rigakafi ta iso, tsofaffi ne a gaba. Rabin gari suka ce ba za a soka musu abin da ba su sani ba, kuma wa zai ga laifinsu bayan taliya da dorina? Nomau kuwa ya shimfiɗa bargo a baro, ya ɗora Inna Kulu, ya tura ta har ɗakin shan magani na garin gaba. Mai rubuta suna, wani Sallau, bai ko ɗago kai ba ya ce a dawo gobe. Sallau ya saba in ya faɗi haka mutum ya gane. Nomau ya dawo gobe. Aka ce gobe, ya sake dawowa. Kwana goma sha ɗaya yana turo tsohuwa cikin rana tana haki, allura tana can wani wuri da Sallau da kansila kaɗai suka sani. Ran na sha biyu Sallau ya gaji da ganinsu. Ya jawo kwali ya zaro katunan shaidar allura huɗu masu hatimi, an riga an cike su daga tsohon kundin sunayen gari.

"Ga na gidanku. An yi muku. Kada in sake ganinka."

Nomau ya naɗe hannun rigar Inna, ya duba dama, ya duba hagu, bai ga komai ba. Amma tunda hukuma ta ce an yi, sai ya ɗauka idonsa ne ba shi da kyau.

Wata rana, ita ce ta ƙarshe, kansila Mamuda ya sa aka yi shela. Baƙi za su zo daga birni su yaba wa yankin, don a takarda ba wanda ya rage ba a yi wa allura ba. Kowane magidanci ya zo da katunansa, ya kuma zo da duk wanda sunansa ke jiki, ba a yarda a bar kowa a baya ba. Tabawa, wadda ta yi yaƙi da jahilci, ta karanta masa katunan. Nasa, nata, na Inna. Da ta kai na huɗu sai ta kife shi a cinyarta.

"Na wa ne?"

"Na Baba ne. Malam Jatau."

Malam Jatau mahaifin Nomau ne, shekararsa goma sha ɗaya a kabari. Tabawa ta ce ya jefa katin a murhu ya rufa wa kansa asiri. Nomau ya ce an ce kada a bar kowa. Ya sa hula ya nufi maƙabarta.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Baƙi suka zo da wata likita, Dakta Rakiya, da kular allura guda da aka kawo don a ɗauki hoto. Kansila ya yi jawabi har ya yi gumi. Ana cikin tafi Nomau ya turo baro har gaban teburi, ya durƙusa wa likitar.

"Ranki ya daɗe, afuwa na zo nema. Mu huɗu aka ce, na kawo uku."

Kansila ya yi wa dogarai ido, amma likita ta ɗaga hannu. "Ina na huɗun?"

"Na je na yi masa sallama sau uku, bai amsa ba. Na ce Baba, hukuma ke kira. Shiru. Da can ba ya ƙin kiran hukuma."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Ya rasu, ranki ya daɗe. Amma kati ya ce an yi masa allura ran Talata, a hannun hagu." Ya miƙa mata. "Shi ne nake roƙo a nuna mini wanda ya yi masa. Tunda yana ganinsa, ina da saƙo. Ya gaya masa Inna tana nan, amma ita nata bai fito a hannu ba."

Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa daga baya ta ce ita ma an ba ta katin kishin... ta gyara, ta ce katin yayarta da aka binne tun kafin a yi titi. Wani ya ɗaga na kakansa. Kafin ka ce me, matattun Tungar Marke sun cika teburi, kowa da hatiminsa.

Dakta Rakiya ta tashi daga kujerarta. Ta sauko, ta tsuguna gaban baro, ta naɗe hannun rigar Inna Kulu.

"Inna, kina so a yi miki?"

"'Yar nan, kwana goma sha biyu ina hawa baro. Kya ce yawon buɗe ido nake?"

Ta buɗe kular hoto ta yi mata a nan, gaban kowa. Nomau ya sunkuya ya ga ɗigon jini da idonsa, ya sa yatsa kusa da wurin bai taɓa ba. Ganin tsohuwa mai fuka ta sha allura tana zaune tana neman goro, sai mutane suka fara layi, har kular ta ƙare da sauran mutane a tsaye.

Inna Kulu ta ga damina uku bayan wannan. Sallau aka canza masa wurin aiki zuwa gari mai wutar lantarki, kansila kuwa ya sake tsayawa takara. Nomau har gobe wawa ake ce masa, shi da ya rasa shukar shekara guda saboda ya yarda da maganar manya. To, kai mai hankali, da ka san in an ce gobe ba gobe ake nufi ba, je ka ɗauko naka katin. Ka dube shi, ka dubi hannunka, ka dubi wanda ya sa masa hatimi yau a ina yake zaune. Sannan ka zo nan ka ce sharri aka yi musu.