Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar Ɗakin Hoton Ciki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da fushin da ban ga dalilin ɓoyewa ba, nake sanar da rasuwar Dattijuwa, kwamfutar ɗakin ɗaukar hoton ciki ta asibitinmu, bayan gajeruwar jinya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ƙura, ta sha ɗaukewar wuta, ta sha shayin da aka kifar mata a madannai, ba ta taɓa kai ƙara ba. Da safe takan gaishe mu da "tiin", fankarta na "fuuu" kamar mai fifita jinjiri.

Ciwon ajali ya samo asali ne ranar da aka ɗora mata babbar manhaja ta biyu, tsohuwa, don da ita kaɗai na'urar hoton ke aiki. Ta farko tana da riga-kafin bairos, ta biyu ba ta da ko ƙyalle, kuma ma'ajiyar hotuna ɗaya suke buɗewa. Na faɗi haɗarin hakan a taro, na maimaita a baranda. Oga ya ce ai kwamfuta ɗaya ce, riga-kafi ɗaya ya ishe ta, 'yan boko ba sa rabuwa da tsoro. Aka yi dariya, aka laƙaba mini Malam Bairos. Sai surukinsa ya zo kwafar finafinai, ya soka filas ɗinsa na ajiyar fayil ta ɓangaren da ba kariya. Cutar ta bi hotunan ta kulle su kaf. Kalmarta ta ƙarshe "kat, kat, kat" ce, allo ya yi baƙi.

Ta rasu ta bar firinta, da linzami mai ɗingishi, da Oga wanda ke kiran abin ƙaddara. Ta bar kuma matar wani mai walda, mai cikin tagwaye, wadda likita ke son gwada hotonta na baya da na yanzu don ya san ko ƙaramin yana girma. Hoton baya ya bi marigayiya. Baiwar Allah tana kan benci tun safe, ba wanda ya iya gaya mata.

Za a yi jana'iza gobe a sito, bayan karyayyun kujeru. Masu ta'aziyya su wuce ni, su tsaya gaban bencin nan. Kuma kada a mayar da shebur: sabuwar da aka kawo jiya, an riga an ɗora mata manhaja ta biyu, ita ma tsirara.