Rasuwar Dattijo a Kan Ƙanƙarar Teku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar da har yanzu ba ta sake mu ba, iyalan Pardy na gaɓar Labrador suke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗin ƙanƙara na ɗansu Eldred, wanda yaro da babba suka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata da misalin ƙarfe uku na rana, a kan ƙanƙarar teku, ana hango rufin asibitin gari. Shekarunsa talatin da ɗaya a duniya.

Marigayin mai tsari ne, ba ya son garaje. In an ja igiyar tayar da shi, bai taɓa tashi a ja na farko ba, ko da gobara ake yi. Ja na farko ya ce kuf. Na biyu ya ce kuf-kuf, kamar mai gyaran murya. Sai a na uku zai saki ɓarrr ɗin nan da ke tada karnukan unguwa, ya turnuƙe tsakar gida da hayaƙi. Amma in ya tashi, ya tashi ke nan. Ya ja itace, ya ja ruwan sha, ya ja kifi, ya kai gawa huɗu makabarta a shekarun da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kuma bai taɓa barin kowa ya kwana a daji ba.

Shi ma Eldred ya riƙe amanarsa. Duk watan Oktoba sai ya kwance kafireta ya baje a teburin kicin, matarsa Melva tana faɗa.

"Baban Joyce, a inda nake murza burodi? Wallahi wata rana sai ka ci ƙusa a cikin abinci."

"Ki bari in ci. Shi ma ai ɗan gida ne."

Fulogi biyu kullum suna aljihun rigarsa ta ciki don kada su yi sanyi. Ko Melva ba ta sami wannan gatan ba, kuma ta sha faɗa masa haka.

Marigayin ya rasu ya bar amalanken ƙanƙara ɗaya da suka yi shekara ashirin tare, da jarkoki biyu, da akwatin sifanu, da Eldred, wanda tun ranar Talata bai ci abincin kirki ba. Ya kuma bar ƙugiyoyin ƙarfe biyu a rataye jikin ƙusa a rumfa. A kansu maganar take.

Kowa a nan ya san aikin ƙugiyoyin. Su ke karce ƙanƙara su watsa ɓarɓashi cikin bel ɗin da babur ke tafiya a kai a maimakon taya, ya sanyaya inji da robar da bel ke zamewa a kanta. In babu su kuma babu dusa, bel ya dinga gogar roba a bushe har ta narke. A watan Janairu ɗaya ta lanƙwashe, Eldred ya cire duka biyun, ya ce zai miƙe ta ranar Lahadi. Lahadi goma sha biyu suka wuce. Mutumin da ke ɗumama fulogi a ƙirjinsa! Mu dai ba mu ce komai ba, shi ne yake ta faɗa da bakinsa.

Ga yadda ajalin ya zo. Da safiyar Talata Eldred da yayansa Hedley suka shirya zuwa saran itace a tsallaken teku. Sabon babur ɗin Hedley mako uku ke nan yana jiran a aiko da wani ƙarfe daga birni, don haka dole ya hau amalanke a bayan Dattijo, abin da ya daɗe yana kira tukunyar hayaƙi. Yana zagaya shi sai ya tsaya.

"Kai, ina ƙugiyoyin wannan gawar?"

"Suna rumfa, Yaya. Ta bakin gaɓa za mu bi, akwai dusa."

"To madalla. In ya mutu a hanya kai za ka goya ni."

Suka bi gaɓa, mil goma sha huɗu, lafiya lau. Bayan sun ci abincin rana, zarton inji ya yi tsalle daga jikin wani kututture ya sauka a cinyar Hedley. Ko ihu bai yi ba. Zama kawai ya yi, ya ce, "Eldred, zo ka gani." Dusar da ke ƙarƙashinsa ta riga ta yi ja. Eldred ya ɗaure cinyar da igiyar itace, ya murɗa da sanda har Hedley ya zage shi, sannan ya kwantar da shi a amalanke ya lulluɓa masa rigarsa. Waya ba ta kamawa a wurin, kowa ya sani.

Hanya biyu ce. Ta gaɓa mai dusa, mil goma sha huɗu cikin kwazazzabai. Ko kai tsaye ta tsakiyar teku, mil takwas, inda ruwan saman makon jiya ya wanke dusa tas, ya bar ƙanƙara tsirara. Eldred ya dubi igiyar da ta fara jiƙewa, ya dubi Dattijo.

"Yaya, duk lokacin da na waiwayo ka ɗaga min hannu."

"Ja mu tafi, sarkin surutu."

Kuf. Kuf-kuf. Ɓarrr.

A mil na farko Hedley ya ɗaga hannu har da yi masa daƙuwa. A na uku warin roba ya fara tashi. A na biyar hannun bai bar ƙirji ba, yatsu kawai suka motsa, kuma muryar marigayin ta sauya zuwa wani siririn iiii da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Can hagu, a gindin wani tsibiri, ga dusa fara sol. Da an ratsa an cusa masa ita cikin bel da ya huce, amma minti goma ne zuwa da dawowa. Eldred ya san haka, babu wanda ya fi shi sani. Hawaye na daskarewa a kumatunsa ya ƙara danna totur da babban yatsa, yana cewa, "Yi haƙuri, tsoho. Yi haƙuri." Ya wuce tsibirin.

A mil na bakwai ya waiwaya. Babu hannu, babu yatsu. Bai sake waiwayawa ba, don tsoro ya hana shi.

Saura kamar rabin mil marigayin ya yi ƙara ɗaya, ƙam, ya tsaya cik. Eldred ya ja igiya, ta ƙi ko motsi. Ya kwance amalanke, ya rataya igiyarsa a kafaɗa ya soma ja, yana zamewa yana faɗuwa. Allah ya sa Melva na shanya a bayan gida. Shekara talatin tana jin muryar nan, ta san ba haka take yankewa ba. Ta yar da kwando ta ruga tana kiran maƙwabta, babura uku suka fita da nas. Da suka iso Hedley da sauran numfashi, amma kaɗan. Nas ɗin ta ce da an ƙara minti goma, da wata sanarwar muke rubutawa. Kafin rana ta faɗi jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa babban asibiti, tare da matarsa Idella.

Yau kwana huɗu Hedley bai farfaɗo ba. Idella tana bugo waya safe da yamma, kuma maganar likitoci ɗaya ce: a jira.

Game da jana'iza, iyali suna ba da haƙuri, ba a sa rana ba. Gawar Dattijo tana nan inda ta faɗi, an lulluɓe ta da tamfol, bel ya manne da robar da ta narke. Maƙwabta sun zo da igiya har sau biyu za su jawo ta, Eldred ya tare su a bakin gaɓa.

"Kada wanda ya taɓa shi. Ni da Yaya muka sauke shi daga jirgin ruwa ranar da ya zo garin nan. Mu biyu za mu ɗauko shi."

Ana roƙon jama'a kada su matsa masa, kada kuma kowa ya taka zuwa wurin gawar, don ruwa ya fara kwanciya a kan ƙanƙara. Manyan gari sun duba sun ce da wuya ƙanƙarar ta kai mako guda ba ta narke ba. Masu ta'aziyya za su sami Melva a gida. Eldred kuwa yana bakin gaɓa daga safe har yamma, da waya a hannu.

In Hedley ya farka, za a sanar da rana da lokaci. In ƙanƙara ta riga shi, teku ce za ta yi jana'izar, kuma ba za a gayyaci kowa ba.