Nomau da Tukunyar Hansai

A Rijiyar Kuka, wani gari na bakin iyaka, akwai wata bazawara Hansai mai sayar da tuwon shinkafa da miyar taushe a tashar mota. Rumfar nan ke ciyar da 'ya'yanta uku da ƙaninta Nomau, ƙato mai shekara talatin da ɗoriya. Nomau ba ya ƙarya, kuma bai taɓa zaton akwai mai ƙara wa zance gishiri ba. A tashar da harsuna biyar ke cin tuwo a benci ɗaya, wannan hali yana da ɗan tsada.

Wata rana Hansai ta ce masa, "Ka riƙa sa kunne. Abin da baƙi suka ce game da miya, ka faɗa mini." Wani direban tirela daga Kudu ya share malmala uku, ya yi santi da Turancin buroka. Nomau ya tambayi Ilu mai shayi, wanda ya taɓa zaman Ikko, abin da mutumin ya ce.

"Wai daɗin ya kai mutuwa. Haka suke yabo can."

Nomau bai jira rabin ƙarshe ba. Ya tsaya tsakiyar rumfa ya ɗaga murya. "Yaya, ga wani ya ci miyarki ya ce mutuwa zai yi. A juya shi gabas?"

Hannaye suka tsaya tsakanin kwano da baki. Direban ya ja motarsa lafiya lau, amma da yake ba a sake ganinsa a makon ba, tasha ta yanke nata hukuncin.

Wata rana, ciniki ya riga ya ja baya, Hansai ta ce, "Daina kawo mini magana. Abin da baƙo ya ambata, kawo masa kawai." Sai ga wani malamin makaranta daga Damagaram. Ya yabi miyar da wata kalma ta Faransanci, kuma da yake malami ne, bai iya barin ta haka ba. Ya bayyana cewa asalinta daga sunan saniya aka ciro ta, Faransawa na cusa ta cikin zance in abu ya wuce misali. Nomau ya fita. Bayan jimawa ya dawo janye da karsana, bayansa wani Bafulatani da sanda a kafaɗa, bayan Bafulatanin kuma rabin kasuwar shanu. Sai da Hansai ta durƙusa har ƙasa sandar ta sauka.

Wata rana kuma wani saurayi ɗan garin ya lashe yatsa ya ce, "Kai, miyar nan bala'i ce." Wannan karon babu mai fassara da za a ɗora wa laifi. Hausa ce tsantsa, mu ma in abu ya yi mana daɗi wajen masifa muke zuwa aron kalma. Nomau ya ɗauko liman ya zo ya tofa addu'a a tukunya, a gaban jama'a. Da azahar, Sarkin Tasha ya aiko: gobe zai zo da kansa, a ci miyar a gabansa. In bai gamsu ba, rumfa ta koma hannun wani.

Washegari tasha ta cika, har masu motar da ta kamata ta tashi tun safe. Hansai ta zaunar da Nomau gaban tukunya.

"Ka ci. Kada ka ce uffan, kada ka daina sai na ce."

Ta juya ta shiga kare kanta. Sarkin Tasha ya ce an ce, ta ce ranka ya daɗe ba haka aka yi ba, aka kira Ilu, Ilu ya ce shi shayi ya sani. Magana ta yi tsawo, Hansai ta manta da ƙaninta.

Nomau yana ci. Ya gama malmala ta huɗu, ya zuba ta biyar. Jama'a suka bar sauraron shari'a, suka zuba masa ido suna jiran ya faɗi. Bai faɗi ba. Gumi ne kawai ke tsatso masa, yana lumshe ido, yana suɗe ƙashi ɗaya bayan ɗaya. Wani a baya ya haɗiye yawu da ƙarfi, aka ji shi.

Sarkin Tasha ya matso. "Nomau, yaya ka ji miyar?"

Nomau ya dube shi, ya dubi yayarsa, ya miƙa hannu ya kankare gindin tukunya.

Sarkin Tasha ya leƙa kwanon Nomau. Can ya ce, "Shekarata ashirin a tashar nan ina jin ana yabon abinci da mutuwa da saniya da bala'i. Yau na ga yabon da na gane." Ya gyara babbar riga ya zauna a benci. "Hansai, zubo mini."

Hansai ta leƙa tukunya. "Ranka ya daɗe, sai dai gobe."