Bogumil da Gidan da Ba Ya Numfashi

"Ni Bogumil, gidan da na gina da hannuna, ko tusar ƙuda ba ta samun hanyar fita!"

Haka yake cika baki a mashayar ƙauyenmu, yana murza gashin baki. Shekarar ta kwanta mini, abokina, amma dai an yi sanyi, wannan ba na shakka.

Ga yayin ginin da ake yi a lokacin: a lulluɓe bango da leda ta ciki, a liƙe kowace kafa don ɗumi ya zauna, sannan a sa injin da ke sabunta iska. Bogumil sarkin sani ya ce injin nan rami ne kawai mai cin lantarki. Bai sa ba.

Matarsa Wiesia ta ce, "Ka ji ni da kyau, gwanina. In mai gwajin shigar iska ta zo gidan nan ya faɗi gwajin, wajen Mama za mu sake cin hunturu."

Abin da yake gudu ke nan, don ya daɗe yana kwana a kujerar falon surukarsa, Pani (wato Uwargida) Leokadia, tare da karenta mai minshari.

Ana jibi gwaji Wiesia ta ɗora tukunyar kabeji da nama, irin wadda ke wuni tana dahuwa. Tururi ya rasa ƙofa. Tagogi suka fashe da kuka, silin ya shiga ɗiga a tsakiyar sanƙon maigida, ɗis, ɗis.

"Bogumil, ruwa ake yi a ɗaki!"

"Raɓa ce, uwargida. Alamar inganci."

Tana juya baya ya ɗauko abin huji ya ɓula bango bayan kabad don tururi ya fita. Bai isa ba. Ya ƙara bayan agogo, bayan hoton aurensu, har ƙarƙashin gado.

Ran gwaji, Pani Jadwiga mai gwaji ta kafa ƙatuwar fanka a ƙofa, ta zuƙe iskar gidan don a ga ta ina wata za ta kutso. Suruka ta zo kallo da kujerarta. Fanka na tashi, gida ya kama fito. Fiii! Fuuu!

"Wa ke busa sarewa?" in ji Jadwiga.

"Tsuntsaye ne, ranki ya daɗe!"

"A Janairu?"

Gogan naka ya zabura. Ya toshe wannan rami da ƙullun fulawa, wancan da tsiran alade, na bayan agogo da safarsa. Ashe ya manta da bututun hayaƙi. Murhun ɗumama ɗaki ya yi gyatsa, ya feso masa toka a fuska. Bai yi wata-wata ba ya ja da baya ya cusa mazaunansa a bakin murhun, ya miƙa ƙafa ya danne 'yar ƙofar da kyanwa ke bi, yatsunsa kuwa kowanne na cikin raminsa.

Fito ya tsaya. Jadwiga ta ƙura wa ma'auninta ido.

"Ikon Allah! A haka dai ya ci. Amma kana motsawa ya faɗi."

"Kun ji ko?" in ji Bogumil, fuska baƙa ƙirin, haƙora kaɗai ake gani. "Ya ci! Mama, kin ji da kunnenki!"

Pani Leokadia ta miƙe a hankali, ta naɗe kujerarta.

"Na ji, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kada ka motsa sai bazara. Wiesia, ɗauko tukunyar nan mu tafi gida."