Lefen Ƙanina a Gidan Makoki

Ranar da za mu kai lefen ƙanina unguwar Adarawo, ni na ja ayari daga unguwarmu ta Luggere, mota huɗu. Goggo Dija, ƙanwar babanmu, ta ce mu tsaya mu tambayi hanya. Na ɗaga wayata na ce, "Goggo, an daina yayin tambaya. Yau tauraron ɗan'adam ne jagora." Ban gaya mata manhajar nuna hanyar ta kyauta ce ba, rabinta ma talla.

Muna shiga wani layi, matar cikin wayar ta ce mun iso. Ga rumfa, ga kujeru, ga jama'a. Me kuma nake jira? Na danna hon har sau uku. Matanmu suka fito da akwatuna a kai, Goggo ta rangaɗa guɗa.

Wurin ya yi tsit. Wani dattijo ya taso ya kama hannuna, ya ce a hankali, "Ɗana, yau sadakar ukun mai gidan nan ce."

Haka muka zauna muka yi addu'a, akwatuna a gefe.

Har yau, duk rasuwar da aka yi a dangi sai Goggo ta kira ni: "Direba, kai ka san hanya. Akwati nawa za mu ɗauko?"